Agogon da Sha Biyunsa Ke Ƙasa

Litinin, 4 ga wata

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baba da maigidanki da yara. Ni ma lafiya lau, in ban da ciwon wuya na yawan sunkuyo, wanda ya zame mini abokin zama.

Kin yi mini gori a waya cewa shekara uku ina ta bincike amma ba wanda ya san abin da ya ɓata. To ga shi a rubuce, ki karanta wa Baba, tunda shi yanzu ya ƙulla gaba da waya. In na kira, daga "Auta, kina lafiya? Allah ya yi albarka" sai ya miƙa miki. Ban san laifin da na yi masa ba.

Ofishinmu a hawa na uku yake, dogon ɗaki mai taga ɗaya. Da hantsi rana takan shigo ta kwanta a kan teburina, ƙura na yawo a cikinta a hankali, ni kuma ina buɗe ambulan. Tsofaffi ne a asibitoci goma sha ɗaya suke zuwa gwaji duk bayan wata shida. Nas takan faɗa wa mutum kalmomi biyar ya riƙe, ta ba shi takarda ta ce ya zana agogo, ya sa lambobi, ya nuna ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma. Daga nan ta tambaye shi kalmomin. Takardun sukan zo mana babu suna babu gari, lamba kawai, don kada sanayya ko tausayi su riƙe hannun mai ba da maki. Ni ce mai ba da makin, daga sifiri zuwa goma.

Abin da muke nema shi ne bambancin mantuwa iri biyu. Akwai wadda ciwon damuwa ke kawowa, in an yi magani hankali ya dawo gida. Akwai kuma wadda ƙwaƙwalwar ce da kanta take zaizayewa, ita ba ta dawowa. Da farko kamarsu ɗaya. Farfesa, shugaban bincikenmu, yana ganin agogon da mutum ke zanawa shekara bayan shekara zai iya raba su tun da wuri.

Yaya, na ga agogo ya fi dubu huɗu. Wani lambobinsa sun taru a gefe guda kamar masu jin sanyi. Wani hannu uku. Wata ta zana fuskar mutum tana murmushi. In na daɗe ina kallo sai in ga kamar suna shawagi a ɗakin, kowanne da nasa lokacin.

Amma akwai nawa na kaina, mai lamba 214. Takardarsa ta farko sai da na kira abokan aiki suka gani. Da'ira kamar an sa faranti, lambobi kamar na ɗab'i, har da ɗan ramin makulli a ƙasa, abin da ba wanda ya tambaye shi. Na sa masa suna Mai Makulli. Takarda ta uku hannunsa ya ɗan yi rawa, ta biyar ya tsallake lamba takwas, ya dawo ya cusa ta a gefe. Amma ramin makullin nan bai taɓa mantawa da shi ba. Ina yi masa addu'a damuwa ce kawai. Ki ce wa Baba ya sami abokin hamayya, ba shi kaɗai ya san agogo a duniya ba.

Hutun nan ba zan samu zuwa ba. Saura wata shida in kare kundin digirina, daga nan in zo in zauna har ku gaji da ni. Agogon hannun da Baba ya ba ni ranar tahowata ya fara jinkirin minti biyu. Ba zan ba kowa ya buɗe shi ba, shi zan kawo wa.

A gaida mini kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Asabar, 16 ga wata

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ki. Wasiƙarki ta iso, na karanta wa Baba a shago bayan na taso daga makaranta. Da na zo wajen abokin hamayya ya yi dariya har da tari, ya ce in sake karanta wurin. Sau uku na karanta.

Ni ba gwanar rubutu ba ce irinki, maki kawai na iya bayarwa da jan biro, shi ma na 'yan aji huɗu. Amma ina da tambaya. Mutumin nan naki, in damuwa ce, yaushe ake ganewa? In kuma ɗayar ce, wata nawa mutum ke yi yana gane mutanensa? Tambaya ce kawai, kada ki mayar mini da lacca.

Shago yana nan yadda kika san shi. Agogon bango ashirin da bakwai, sai dai yanzu kowanne da inda ya dosa. Ɗaya ya buga ƙarfe uku, na kusa da shi ya ba shi amsa da tara. Baba ya ce ya bar su ne su huta da bin juna. Yakan zauna da gilashinsa na ido ɗaya a goshi, rana na faɗowa a kan matsefata da ƙananan sukurori, shi kuma yana kallon ƙofa. Masu kawo gyara sun ragu. 'Yar kujerarki ta katako tana nan a ɗaya gefen tebur, ya hana a ɗauke.

Batun waya, ba fushi yake da ke ba.

Wata shida da yawa, Auta. Ko kwana uku ne ki zo. Kundin nan ba ƙafa gare shi ba. Tun rasuwar Inna sau ɗaya kika leƙo mu, shi ma a tsaye. Ba faɗa nake yi ba, kin san in faɗa ne ba a takarda zan yi shi ba.

Allah ya ba da sa'a.

Yayarki

*

Laraba, 11 ga sabon wata

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji faɗan da kika ce ba faɗa ba ne, na kuma karɓa. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, aiki ne ya sha kaina.

Amsar tambayarki: in damuwa ce, maki yakan sauka ya hau. In ɗayar ce, sauka kawai yake yi. Gane mutane kuwa ba wanda zai yanke miki rana. Amma abin da muka gani a takardunmu shi ne, in agogo ya rushe gaba ɗaya, sau da yawa fuskoki ba sa daɗewa a bayansa. Waɗanda mutum ke gani kullum su ne na ƙarshen tafiya. Na nesa su ake fara sallama. Wa kike tambaya wa? In wata tsohuwa ce a unguwa, a kai ta asibiti da wuri.

Takarda ta shida ta Mai Makulli ta iso shekaranjiya. A juye ya zana agogon. Sha biyu a ƙasa, shida a sama, kowace lamba kanta a ƙasa, ramin makullin can a sama. Na juya takardar, sai ga komai daidai, har takwas ɗin da ya ɓata a baya ta dawo mazauninta. Na kai wa Farfesa. Ya cire tabarau ya duba, ya ce dokar ba da maki ba ta san juya takarda ba, yadda kan fom yake haka ake karantawa, wanda ya sa sha biyu a ƙasa ya rasa sama da ƙasa ke nan. Gaskiyarsa ne, in na sassauta wa ɗaya sai na sassauta wa dubu huɗu. Na ba shi uku cikin goma. A kalmomi biyar kuma ɗaya ya tuna. Ba damuwa ba ce, Yaya. Na sa shi a layin da ba a dawowa, na rufe fayil, na je na tsaya a taga kamar wadda aka yi wa rasuwa, a kan mutumin da ko sunansa ban sani ba.

Ranar da azahar barci ya sace ni a kan tebur. Na yi mafarki ni ƙarama ce, haɓata a kan wani katako mai ƙamshin man keke, ko'ina ƙas-ƙas-ƙas, haske rawaya. Wani hannu yana tahowa wajena da fensir, yana zana abu a hankali, ina jin daɗi ƙwarai, amma na kasa ɗaga kai in ga mai hannun. Na farka da shatin biro a kumatu, abokiyar aikina tana yi mini dariya. Tun ranar nake jin kamar na ajiye wani abu a wani wuri. Ki ga mai binciken mantuwa.

Saura wata biyar. Wallahi da na gama ko jaka ba zan tsaya ɗaurewa da kyau ba. Ki shafa mini kan yara, ki ce wa Baba agogona yanzu minti uku yake ci.

Taki,
Auta

*

Lahadi, 15 ga wata

Auta,

Sallama. Wannan karon ban karanta wa Baba taki ba, kuma wannan da nake rubutawa bai san da ita ba. Zan karya alkawari, Allah ya yafe mini. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Mai Makullinki Baba ne.

Kin tuna wasiƙar da kika aiko shekara uku da suka wuce, kina kukan kun rasa tsofaffi masu lafiya da za ku riƙa gwada marasa lafiya da su? Kika ce in ba a samu ba aikin zai tsaya. Na karanta masa da yamma. Washegari ya sa rigarsa ta fita, ya rufe shago, ya tafi babban asibiti da ƙafarsa ya ce a rubuta shi. Ya dawo yana ta fara'a, wai ya je taya Auta karatu, kuma kada a gaya miki don kada ki yi masa alfarma a maki. Lafiyarsa ƙalau a lokacin, ko mu ce haka muka zata.

A zuwa na uku likita ta kira ni gefe. Ni na ce mata rashin Inna ne, mutum ya yi shekara arba'in da mace dole ya rikice. Aka ba shi maganin damuwa, muka jira. Bai dawo ba. Ranar da ya tsaya a tsakar gida da makullin shago a hannu yana tambayata na mene ne, da hankalinsa ya komo sai ya kama hannuna ya ce in rantse ba zan gaya miki ba sai kin gama. Ya ce in kin ji za ki watsar da komai ki taho, shi kuma bai yi shekaru yana ƙure idonsa a kan sukurori don ki dawo hannu wofi ba. Wayar da yake gudu, tsoro yake kada ya yi tuntuɓe a magana ki gane. Kalmomi bakwai ɗin nan da yake faɗa miki, sai ya maimaita su kafin in miƙa masa.

Yanzu batun takardar da kika ba uku. Ina ɗakin, a kujerar kusurwa. Nas ɗin sabuwa ce, siririya, da tabarau irin naki, ta zauna a ɗaya gefen tebur. Da ta miƙa masa takarda ya daɗe yana kallonta. Sai na ga fuskarsa ta saki, irin sakin da rabona da gani tun Inna na da rai. Ya ce, "Matso kusa, Auta, ki sa haɓarki a nan." Ya fara zanawa, agogon na fuskantar ta, yana cewa, "Dogon hannu shi ne mai gaggawa, gajeren shi ne mai haƙuri." Yarinyar ta dube ni, na yi mata alama ta ƙyale shi.

Ke ba ki tuna ba? Shekararki biyar. Kullum bayan makaranta kina kan 'yar kujerar nan, shi yana ɗaya gefen, yana zana miki agogo a bayan takardun shago. A juye yake zanawa don ya zo miki daidai, kada ki sha wahalar karkata kai. Ni da na koya a tsaye a bayansa ban sami wannan gatan ba, har kishi na yi. Mutumin bai rasa sama da ƙasa ba. Ya san inda sama take, ya bar miki ita ne.

Ba ina cewa makinki ƙarya ba ne. Jiya ya kira maigidana da sunan ƙaninsa da ya rasu. Yana ganina kullum, don haka ni har yanzu ina nan. Ke kuwa da bakinki kika rubuta cewa na nesa ake fara sallama. Sunanki yana bakinsa safe da yamma, amma ya fara liƙa shi a fuskar wasu. Ban san kwana nawa ya rage ya iya haɗa sunan da fuskarki ba, ke ce masaniya.

Na gaji da riƙe wannan abu ni kaɗai. Ina jin haushinki, ina kuma jin tausayinki, ban san wanne ya fi ba. Ki yi abin da kika ga ya dace.

Yayarki

*

Laraba, 18 ga wata

Zuwa ga Farfesa,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa. Na zo ofishinka da safe aka ce kana taro, shi ya sa na bar wannan a ƙarƙashin ƙofa.

Na sami labari daga gida cewa mai lamba 214 mahaifina ne. Ban sani ba sai jiya. Bisa ƙa'ida bai kamata makin da na ba shi ya tsaya ba, don haka na ware takardunsa shida a cikin koren fayil a kan teburina, a ba wani ya sake dubawa. Ina kuma roƙon a ɗaga ranar kare kundina. Ban san zuwa yaushe ba. Na san abin da wannan zai jawo wa aikin, ina neman afuwa.

Motar rana zan bi.

Ɗalibarka

*

Talata, 24 ga wata

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa da godiya. Saƙonka ya iso, na gode da cewa kujerata za ta jira ni. Ka tambayi yadda na same shi. Zan faɗa maka yadda ya faru, ba da harshen rahoto ba.

Na isa shago da hantsi. Agogo ashirin da bakwai suna ta tafiyarsu, kowanne da nasa lokacin, shi yana zaune a tsakiyarsu cikin haske. Na yi sallama. Ya amsa da fara'a, ya ce, "Sannu da zuwa, Malama. Me ya same shi?" Yana nufin agogo.

Yayata, da ta rako ni, ta buɗe baki za ta yi magana, na riƙe hannunta. Na zauna a 'yar kujerar da ke ɗaya gefen tebur, gwiwoyina har ƙirji. Na kwance agogon hannuna na miƙa masa, na ce jinkiri yake yi.

Hannunsa bai yi rawa ba ko kaɗan. Ya sauke gilashi a ido, ya buɗe murfin baya. Masu wannan sana'a sukan karce 'yar alama a cikin murfi da bakin allura, don su gane aikinsu in ya dawo. Ya daɗe yana duban tasa. Sai ya ɗago ya ce, "Wannan na 'yata ne. A ina kika same shi?"

Na ce ita ta aiko ni.

Ya ce, "Tana lafiya?" Na ce lafiya lau. Ya sunkuyo ya rage murya, ya ce, "In kin koma kada ki ce mata kin ga komai. Karatu take yi. A bar ta ta gama."

Na ce to.

Bai gane ni ba, Farfesa. Kwana biyar ke nan, kullum ina zuwa da hantsi in zauna a kujerar, kullum ni Malama ce. Na makara, kuma na san da hannuna na rubuta yadda ake makarar.

Amma yau, ina zaune na ɗora haɓata a kan tebur don gajiya, sai ya daina abin da yake yi. Ya jawo wata tsohuwar takarda da fensir. Bai kira sunana ba. Ya fara da'ira, ya sa sha biyu a gefensa na ƙasa, ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya har ramin makulli, ya zana hannayen biyu, ya turo mini ya ce, "Ƙarfe nawa?"

Na sa takardar a cikin wannan ambulan. Ba ta cikin bincike, ba ta da lamba. In an bi doka uku ce cikin goma, na sani. Daga inda nake zaune, sha ɗaya ne da minti goma daidai, kuma haka na faɗa masa. Ya ce, "Yawwa, yarinyar kirki."

Gobe ma zan je da hantsi.

Ka huta lafiya.

Ɗalibarka